Wilmar, Kana Nan?

Dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Don Ovidio ne da almuru, daidai lokacin da ƙararrawar cocin Santa Librada take kaɗawa, matarsa Doña Dioselina kuma tana juya wainar masara a kan tanda. Yammaci ne irin na kullum a tsaunukanmu na gahawa, nan Kolombiya. Masu tsinka sun sauko daga gonaki da kwandunansu, gajimare ya kwanto kan tuddai, kaji sun gama hawa bishiyar lemo. Don Ovidio yana zaune a baranda yana ɗinkin buhu. Da ya ji ƙarar kwano sai ya ajiye basilla, ya fita tsakar gida yana mita a kan 'ya'yan maƙwabta da ba su da tarbiyya.

Bai ga kowa ba. Dutsen dai yana nan kusa da randar fure, ya sunkuya ya ɗauka. A jiƙe yake sharkaf, ga jan laka manne da shi, alhali an kwana biyu ba a yi ko yayyafi ba, ƙasar garinmu kuma baƙa ce. Duk yankin nan wuri ɗaya ne ke da jar ƙasa irin wannan, shi ne tsaunin Gavilán, inda ƙasa ta rufta da ɗansa Wilmar a daminar da ta wuce. Ya daɗe tsaye yana juya dutsen a tafin hannunsa. Daga nan ya jefa shi a aljihu, ya koma kan buhunsa.

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan nan, don haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsince shi ba. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Wilmar shi ne babba, makanikin babura, mai dariya har ƙasan ciki, wanda ba ya shiga gida sai da fito. Ƙanwarsa Yesenia kuwa tun tana ƙarama kanta yake ja, har ta kai ga karatun digirin digirgir a jami'ar babban birni. Aikin bincikenta ne ya dawo da ita gida, ta kafa kwamfutarta a ɗakin da ke kusa da madafa.

Manhaja ta ƙirƙira, tana gwada ta. Akwai ƙananan na'urori da aka dasa a tsaunuka daban-daban masu nisa da juna, kowacce tana auna ruwan sama da damshin ƙasar wurinta. Babu wadda ta san komai tabbas a cikinsu. Kowacce sai ta yi nata ƙiyasin, ta ce ina ganin yiwuwar zaftarewar ƙasa kashi kaza ce cikin ɗari, ta aika wa 'yan'uwanta da manyan kwamfutocin wasu jami'o'i, har da na ƙetaren teku. Su ma su duba, su gyara nasu, su maido. Haka za a yi ta kai da kawowa har bakinsu ya zo ɗaya.

Ranar da ta yi wa uwarta bayani ina wurin, na je aron rariya.

“Mama, kamar ku ne a ƙofar coci idan an tashi,” in ji ta. “Kowacce da guntun labarinta, ku yi ta harhaɗawa har ku tsaya a kan magana ɗaya.”

Wilmar ya ɗago kai daga kwanon wake ya ce, “Wato gulma kike koya wa ƙarfe. A kan wannan za a ba ki Dakta? Ai da Mama suka ba.”

Ta jefe shi da ɓawon ayaba, uwar kuma ta bi shi da ludayi.

Al'adarsu ce, ita da abokan bincikenta, kowace na'ura a sa mata sunan wanda yake kula da ita, don in ta lalace a san wanda za a nema. Ta tsaunin Gavilán tana cikin wata 'yar bukka a tsohuwar gona, Wilmar ne yake hawa da babur ya share mata farantin hasken rana, saboda haka sunanta Wilmar. Gwajin kuma da almuru ake fara shi, lokacin da ɗalibai suka tashi, kwamfutocin jami'o'i suka samu sarari. Manhajar sai ta fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wane kana nan, wance kina nan. Ƙa'idarta ita ce ba ta ci gaba sai kowa ya amsa.

A wancan mummunan yammaci an kwana ana ruwa, an wuni ana yi. Na'urar Gavilán ta ƙi amsawa, ga shi malamin Yesenia yana jiran sakamako washegari. Ta laɓe a lungun bayan madafa ta kira yayanta a waya, murya ƙasa-ƙasa don kada iyayen su ji. “Yaya, don Allah ka hau ka duba min, wataƙila waya ce ta zame. Gwajin ba zai tafi ba sai da ita.” Ya biyo ta gida, ya tsokane ta kaɗan, ya hau babur. Bai jima da isa ba rabin tsaunin ya sauko. Mazan garin nan kaf sun yi haƙa har tafin hannu ya sale, ba a samu bukka ba, ba a samu babur ba, ba a samu Wilmar ba. Yesenia ba ta gaya wa kowa ita ta aike shi ba.

Malaminta ya yi mata ta'aziyya, daga baya cikin lallami ya ce ta cire na'urar Gavilán daga gwajin, sauran su ci gaba. Aikin danna maɓalli ne kawai. Ta kasa. Maimakon haka, akwai wurin da ake gaya wa manhajar iya lokacin da za ta jira kafin ta haƙura da na'urar da ta yi shiru, sai ta goge wurin, ta bar jiran babu iyaka. Tun daga nan, kowace almuru, na'urori na kusa da na nesa su amsa, sannan duk su tsaya cik, kwamfutar tana ta aika tambaya ɗaya cikin tsaunin da ya rushe. Watanni suka shuɗe gwaji bai motsa ba.

Uwar ma ba ta haƙura ba. Ta hana a yi addu'ar mamaci a coci, ta hana a sa wa ƙofar gida sakata. In an yi mata magana sai ta juya wajen 'yarta ta ce, “Ba ke kika ce na'urarki ba ta taɓa cewa babu ko kaɗan ba? Kin ce kullum tana barin wani ɗan kashi.” Yesenia takan sunkuyar da kai, don ita ta faɗa da bakinta, kuma gaskiya ne.

To, a yammacin da dutsen nan ya faɗo, Yesenia tana zaune gaban kwamfuta ta zabga tagumi. A ƙarƙashin tambayar da ta yi wata da watanni babu amsa, sai rubutu ya bayyana. Ina nan.

Da farko ta ɗauka manhajar ce ta samu tangarɗa, ko wani mara imani ne yake mata wasa. Ta bi diddigin saƙon, ta sa abokin bincikenta na can birni ya bi shi ma. Ya kira ta muryarsa a sanyaye, ya ce saƙon daga na'urar Gavilán ya fito, babu ko tantama, kuma shi bai san yadda na'urar da ke ƙarƙashin tsauni take samun wuta ba. Ya roƙe ta ta kashe komai. Ita kuwa, Allah sarki, sai ta je ta kamo hannun uwarta ta nuna mata.

Daga ranar Doña Dioselina ta jawo kujera ɗakin. Ƙararrawar coci na kaɗawa za ta sauke tukunya, ta goge hannu, ta zauna da carbinta tana kallon fuskar kwamfutar, ita da ko wayar hannu ba ta iya latsawa. Amsar na fitowa, duwatsu su fara. Da farko ɗaya-ɗaya ne, daga baya suka koma kamar ana zazzage kwandon tsakuwa a kan kwano. Ni daga ɗakina ina ji, karnukan unguwa su yi tsit, babu mai ko haushi. In duwatsun sun lafa sai a ji fito daga wajen ƙofa, irin fiton nan da kowa a layinmu ya sani. Don Ovidio ya fita da adda ya fi a ƙirga, bai taɓa ganin ko inuwa ba. Da safe ya share jajayen duwatsu ya tara a bayan gida, tarin har ya kai gwiwa.

Gwajin ma bai tafi ba. Abin da ke amsawa daga Gavilán yana aiko da alƙaluma, amma ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Sauran na'urorin su yi ta gyara ƙiyasinsu don su dace da shi, suna dab da daidaitawa sai ya sauya, a koma farko. Yesenia ta daina cin abinci, ta daina wanka, ta daina ɗaga wayar malaminta. Ta rame har zoben hannunta ya zame ya faɗi cikin kofi.

Muna da dabararmu ta gargajiya a kan aljanin da ke jifan rufi. Akan ɗauko tiple, ƙaramar gitar nan tamu, a sassauta tsirkiyoyinta, a yi ta kaɗa ta a karkace, wai ba ya jure mummunan sauti. Don Ovidio ya sauko da ta Wilmar daga ƙusa, ya tsaya tsakar gida da almuru yana kaɗawa, hawaye na bin gemunsa. Sai aka ji dariya daga ɗakin Yesenia, dariyar namiji, har ƙasan ciki.

“Baba, ka bar ta haka nan, kana ba ni kunya. Tun da kake ba ka taɓa iya ta ba.”

Suka ruga ɗakin. Yesenia ce zaune a kujerarta, ta buɗe ƙafafu ta jingina baya yadda yayanta yake zama, idanunta a buɗe amma ba kowa take kallo ba. Ta juya wajen uwar.

“Mama, babu sauran wake? Ki soya min ayaba da yawa, kada ki yi min rowa.”

Abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne fuskar Doña Dioselina a lokacin. Babu tsoro a cikinta ko kaɗan. Murna ce zalla. Ta nufi madafa har tana tuntuɓe, ta cika kwano, ta zauna tana kallon bakin 'yarta yana cin abincin ɗanta. Da duhu ya gama rufewa abin ya sake ta, Yesenia ta kife a ƙasa ta amayar da komai, da jan laka a ciki.

Haka aka ci gaba kowace almuru. Uwar ta samu ɗanta na ɗan lokaci, suna hira, yana tsokanarta, 'yar kuma kullum tana ƙara ƙarewa. Ta kai ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Na ce wa Doña Dioselina a bakin famfo, “Maƙwabciya, yarinyar nan mutuwa take yi a gaban idonki.” Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce gajiyar karatu ce, za ta warware. Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganganu masu zafi, amma da na shiga ɗaki kuka na yi, don ban san abin da ni zan yi ba da a ce ɗan nawa ne.

Don Ovidio ne ya ɗaura sirdi ya tafi garin da ke gaba da mu, ya zo da Don Aristides. Tsoho ne siriri mai tabarau, ya yi karatun zama fada, wato limamin coci, shekaru da yawa kafin ya bari ya koma sayar da ganyayyaki, ya san addu'o'in Latin da ko fadan cocinmu bai sani ba. Bai fara da hayaƙi ko tsawa ba. Ya zauna gefen gadon Yesenia da rana tsaka, lokacin tana cikin hankalinta, ya ce ta koya masa yadda manhajar take aiki. Ta yi masa bayani da 'yar muryar da ta rage mata, yana gyaɗa kai, yana tambaya kamar ɗalibi.

“Aiki mai kyau ne, 'yata, zai ceci rayuka wata rana,” in ji shi. “Amma gaya min, da sunan wa take kira?”

Ta faɗa masa.

“Kuma da almuru. Kuma a wurin da babu kowa.” Ya cire tabarau ya goge. “Kakarki ba za ta bar ki ki tsaya a bakin kango ki kira sunan mutum da almuru ko sau ɗaya ba. Da baki ne ko da waya, kira dai kira ne. Wanda ke wurin shi zai ji.”

Doña Dioselina tana bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ce, “Don Aristides, da girmanka, ba na son a kore min ɗa daga gidan ubansa.”

“In ɗanki ne, Doña, ni da kaina zan shimfiɗa masa gado. Ki bar ni in gaisa da shi kawai.”

Rana ta yi ƙasa. Ya sa aka ɗauko Yesenia aka zaunar da ita a kujerarta, ya zagaye kujerar da gishiri, ya kunna kyandir, ya zuba ganyen ruda, wanda muke korar mugun abu da hayaƙinsa, a kan garwashi. Ni aka ba riƙon kwanon ruwan tsarki. Gari ya yi shiru irin wanda har kunne yake ciwo. Ƙararrawa ta kaɗa. A fuskar kwamfuta sunaye suka fara amsawa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan na ƙarshe. Dutse ya daki rufi, wani ya biyo, sannan kan Yesenia ya ɗago a hankali.

“Mama, wa ya kawo mana wannan tsohon? Yana warin magani.”

Don Aristides ya tsoma yatsu cikin kwanon da ke hannuna. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, yana yayyafa ruwa, bai yi sauri ba, bai tsaya ba. Muryar ta yi wasa, ta yi shagwaɓa, ta kira uwar ta cece ta, har sai da Don Ovidio ya riƙe matarsa da hannu biyu. Can sai muryar ta tsage. Wata ta fito daga ƙarƙashinta, tsohuwa, mai nauyi, kamar ana jan dutsen niƙa a kan daɓe.

“Ya isa, mai tabarau. Ka ƙona ni.”

“Wane ne kai?”

“Ina cikin tsaunin nan tun ba a dasa gahawa ko ɗaya ba. Sunana ba na bakinku ba ne.”

“Me ya kawo ka gidan mutane?”

“Ni ba ɓarawo ba ne, kirana aka yi. Tun da nake babu wanda ya taɓa tambayata ko ina nan. Sai ga kira kullum, kullum, ba gajiya, ba fushi. Na san ba ni ake nufi ba. Na daɗe ina ji ina yin shiru. Wanda ake kira ba zai amsa ba, sai na amsa.”

Doña Dioselina ta sulale ƙasa ta zauna dirshan. Ba ta yi kuka ba, bakinta ne kawai yake motsi.

“To ka ji, ba kai ake nufi ba,” in ji Don Aristides. “Ka saki yarinya ka koma gidanka.”

“Mu yi ciniki. Ku bar min almuru kawai. Dare nata, rana tata. Zan daina jifa. Tsohuwa, ke nake tambaya, ba shi ba.” Sai muryar ta koma ta Wilmar, mai taushi. “Mama, ɗan lokaci ne fa. Ki soya min ayaba, mu yi hira.”

Uwar ta ɗaga ido ta kalli tsohon. “Almuru kawai ya ce, Don Aristides.”

Tsohon ya kamo hannun Yesenia ya ɗaga shi kusa da kyandir. Tsintsiyar hannun ba ta fi kaurin muciya ba, haske har yana ratsa yatsun. “Duba nan, Doña. Ba za ta kai lokacin tsinkar gahawa ba. In ta tafi, muryar ma ta tafi, ki rasa biyu. Ni ba zan zaɓa miki ba.”

Aljanin ya ga tana kallon hannun, sai ya fito da makaminsa na ƙarshe. “Wannan za ki zaɓa? Tambaye ta wa ya aike shi tsauni cikin ruwa. Tambaye ta wa ya laɓe a bayan madafa da waya. Saboda takardar makaranta ta kashe miki ɗa.”

Hawaye suka zubo daga idanun Yesenia, fuskar kuma tana murmushin da ba nata ba. Tana ciki, tana ji. Don Ovidio ya saki matarsa ya dafa bango.

Doña Dioselina ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe zaninta.

“Ai na sani,” ta ce. “Ina cikin madafa, tagar a buɗe take, na ji komai. Da ya shigo ya ce min shi ba zai hau ba sai gobe, ruwan ya yi yawa. Ni na ciro rigar ruwansa na miƙa masa. Na ce, je ka taimaki ƙanwarka, kada malaminta ya yi fushi.” Ta matso ta tsallake gishirin, ta kama fuskar 'yarta da tafukanta biyu. “Kin ji, 'yata? Ke roƙonsa kika yi. Ni na tura shi. Na bar ki kina ɗauke da shi ke kaɗai don na kasa buɗe baki. Ki yafe min.”

Duwatsun suka tsaya.

“Ba ki bar min wurin zama ba,” in ji tsohuwar muryar, kuma wallahi babu fushi a cikinta, gajiya ce. “Zan tafi. Amma muddin ana kira zan ji, in na ji zan dawo. A daina kira. Kuma wadda ta raɗa wa yaron sunan ranar da ta haife shi, ita za ta cire shi da hannunta.”

Uwar ta ce, “Zan cire. Ka ba ni gawarsa in binne.”

“Tsauni a kansa yake, ba na iya ɗagawa. Abin da zan iya ɗauka zan kawo, ladan abincin da na ci.”

“Ya sha wuya kafin...”

Don Aristides ya tare ta. “Kada ki tambaye shi wannan, Doña. Ko gaskiya ya faɗa miki, ba za ki taɓa sanin gaskiya ce ba.”

Jikin Yesenia ya saki, kanta ya faɗa kan kafaɗar uwar. Da ta buɗe ido nata ne. Aka tura kujerar gaban kwamfuta. Ba ta da ƙarfin ɗaga hannu, da baki ta riƙa nuna wa uwar, nan, a'a, ƙasa kaɗan, wannan. Yatsan Doña Dioselina da sauran garin masara a jikinsa ya tsaya a kan sunan ɗanta. Ta danna. Wani ɗan rubutu ya fito.

“Me ya ce?”

“Tambayarki yake yi, Mama. Wai kin tabbata?”

Uwar ta kalli rubutun, ta kalli ƙofar gida da ke buɗe can ƙarshen baranda.

“Ban tabbata ba,” ta ce, ta danna.

Sunan ya ɓace. Na'urorin nan na tsaunuka da birane da ƙetaren teku, da suka yi watanni suna jira, suka yi 'yar shawararsu, kafin a ja numfashi uku bakinsu ya zo ɗaya, kwamfutar ta rubuta cewa gwaji ya kammala. Babu wanda ya kalli sakamakon. Kyandir ya kwanta kamar wani ya wuce ta gefensa, ya sake miƙewa. Can nesa wani kare ya yi haushi, na kusa suka karɓa.

Sai wani abu ya faɗo kan rufi. Ba nauyin dutse ba ne, ƙara ce 'yar siririya. Muka ji shi yana gangarowa a kan kwano, ya faɗo tsakar gida. Don Ovidio ya fita da fitila, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya shekara a kwance, ya buɗe tafin hannunsa. Makullin babur ɗin Wilmar ne, cike da jan laka, da jan zaren ulu da Doña Dioselina ta ɗaura masa da hannunta don ya daina yar da shi.

A nan ne uwar ta yi kukan da ba ta yi ba tun damina. Ba zan kwatanta shi ba. Duk layinmu an ji, kuma babu wanda ya fito, don kowa ya san na mene ne.

Yesenia ta warware sannu a hankali, da romon kaza da ruwan mazarƙwaila. Ta kira malaminta, ta gama aikinta, kuma ta sa an daina raɗa wa na'urori sunayen mutane, lamba ake ba su yanzu. An yi addu'ar mamaci a coci, aka binne makullin a cikin ɗan akwatin da Don Ovidio ya sassaƙa. Amma ni abin da nake tunawa shi ne ƙarshen wancan yammacin, bayan Don Aristides ya tattara kayansa, an kwantar da yarinya a ɗakinta, na tsaya taya su share gishiri.

Doña Dioselina ta tafi bakin ƙofa ta tura ta. Sakatar ta yi tsatsa don daɗewa ba a taɓa ta ba. Mijin ya taso zai taimaka, ta girgiza kai, ta sa kafaɗa ta danna har ta shiga. Ta juyo ta tsaya a baranda.

“Yesenia, kina nan?”

“Ina nan, Mama.”

Ta ci gaba da tsayuwa a wurin, bakinta a ɗan buɗe, da sauran suna ɗaya a kan harshenta. Sannan ta rufe bakin, ta kashe fitila.